Wane filawud ya dace da gwafar danƙo, kuma ina ake samunsa a Sakkwato?

Wani matashi daga wajen Kware ya aiko da tambaya. Yana noman shinkafar rani a fadama, kuma jan-baki sun hana shi sakat tun da shinkafar ta fara fitar da kai. Yana so ya yi wa yaran da ke taya shi korar tsuntsu danƙo kamar guda 20, in abin ya karɓu ya riƙa yi yana kaiwa kasuwa. Ya ga Turawa a waya suna yanka gwafa daga filawud, suna ta yabon wani na itacen birch mai kaurin milimita 18. Da ya shigo gari wurin 'yan katako, wani ya nuna masa MDF, allon da ake yi da garin itace, wani ya ce marin bod, filawud mai baƙar fata na zubin kankare, ya fi, wani kuma ya ce ya bar wahala ya sayi falanki ya yanka. Tambayarsa ita ce wanne zai ɗauka, kuma a ina.

Ƙanena, Allah ya ba da amfani mai albarka, ya kare maka shi daga bakin tsuntsu. Cikin ukun nan da aka nuna maka, biyu ka fidda su daga lissafi tun yanzu, wato MDF da falanki. Na ukun, marin bod, sai an bincika, domin akwai mai kyau akwai na banza, kuma ta fuska ba a bambance su. Filawud daga gefensa ake saninsa. Fuskar don mai saye aka yi ta, gefen ne zai gaya maka ko gwafar za ta riƙe ko za ta karye.

Ka duba yadda ake harbi, za ka gane abin da ya sa nake tsanantawa. Hannu ɗaya na riƙe da gwafa a gaba, ɗayan ya ja fata har kusa da kunci. Duk ƙarfin robar yana kan ƙahonin nan biyu, kuma inda yake jan su shi ne wajen fuskar mai harbi. In ƙaho ya ɓalle ba gaba yake zuwa ba, robar ce za ta dawo da shi da gudu, a daidai tsayin ido. Yaran da za ka ba kuwa 'ya'yan mutane ne, amana ce a hannunka.

Mu fara da falanki, tunda shi ne ya fi ruɗar mutane. Ana ganin ai itace ne tsantsa, dole ya fi abin da aka manna da gam ƙarfi. Itace yana da jijiya, kuma jijiyar nan a miƙe take bi, daga gindi zuwa sama. Duk wanda ya taɓa faskare ya san haka: in ka sari gungume ta kan jijiya, bugu ɗaya ya dare, in ka sare shi a gicciye sai ka yi gumi. To, in ka zana gwafa a kan falanki ka yanka, mariƙin yana bin jijiya lafiya, amma a inda ƙahoni suka karkata suka rabu da mariƙi, zarto ya riga ya datse jijiyar. Abin da ke riƙe da ƙahon a nan 'yan guntayen jijiya ne da suke jere gefe da gefe, wato daidai hanyar da itace yake darewa. Ko maɗaci ne, ko wane irin katako mai tsada ne, raunin yana nan. Zai iya yin wata guda ana harbi ba abin da ya same shi, ranar da dutse ya bugi ƙahon sau ɗaya sai tsaga ta shiga ciki ba a gani, ja na gaba ya rabu. Gwafar da aka saro daga reshe ba ta da wannan matsala, domin jijiyarta ta bi ƙahonin tun tana tsiro, Allah ne ya lanƙwasa ta. Zan dawo kanta.

Filawud an yi shi ne don maganin wannan darewa. Ana ɗora gungume a injin da ke juya shi, wuƙa na fere shi, falle siriri na fita. Sai a jera fallayen, wannan jijiyarsa a tsaye, na bisansa a kwance, na gaba a tsaye, a shafa gam a tsakani a matse da zafi. Shi ya sa in ka ƙirga za ka iske adadin mara ne, 3 ko 5 ko 7 ko 9, don fuska da baya su kalli waje ɗaya, allon kada ya kantare. In tsaga ta shiga falle ɗaya, na kusa da shi da ke gicciye zai tare ta. Iya yawan fallaye da sirantarsu, iya ƙarfin allon. Na birch ɗin da ka gani, wanda ake yi a Rasha da Finland da ƙasashen Baltik irin su Latviya, mai milimita 18 falle 13 ne, mai milimita 12 kuma falle 9, kowane falle bai kai milimita ɗaya da rabi ba, kuma daga fuska har tsakiya itace iri ɗaya ne mai tauri, ba rami. Abin da suke yabo ke nan. Amma kada ka ɓata ƙafarka kana nemansa da suna a nan. Ba kayan kasuwarmu ba ne, kuma tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da katakon Rasha, ko a can ya yi tsada. Halinsa za ka nema a cikin abin da muke da shi: fallaye masu yawa, masu tauri, ba kogo, da gam mai riƙo.

MDF kuwa ba filawud ba ne sam. Garin itace ne da aka kwaɓa da gam aka matse, ba falle ba jijiya. Yana da santsi, yana shan fenti, masu wadrob da kabad na son shi, amma in ka yanka shi siriri kamar ƙaho da hannu ma ka karya shi, in ya sha raɓar fadama kuma ya kumbura. Haka ɗan'uwansa HDF, haka wanda ake yi da ɓarɓashin katako. Akwai wani kuma da ya fi su yaudara, wanda ake kira bulok bod: fuska da baya falle ne, amma cikinsa sanduna ne na katako mai laushi aka jera. In ƙahonka ya faɗo a mahaɗar sanduna biyu, falle siriri kawai ke riƙe da shi. In ka duba gefen da ke gajeren ɓangare ka ga murabba'i-murabba'i a jere maimakon layuka, shi ne, ka wuce.

Yanzu ga yadda za ka yi in ka koma wurin 'yan katako. Ka tafi da tef na awo da ƙusa guda a aljihu. Allon da ake sayarwa ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wato santimita 122 a 244, kuma da inci ake kiran kaurinsa: kwata, rabin inci, tiri-kwata. Tiri-kwata shi ya kamata ya zama milimita 18, amma ka auna da kanka, sau da yawa za ka iske 15 ko 16. Wannan bai hana shi aiki ba in cikinsa na da kyau, sai dai ka san abin da kake biya. Ka roƙi mai shago ya sa yaro ya janyo maka allon waje inda haske yake, ka tsuguna ka bi gefen da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ka ƙirga layukan. In tiri-kwata ne ka ga falle 7 masu kauri-kauri, na rufi ne ko bayan kabad. In ka ga 11 ko 13, ka ci gaba da dubawa. Layukan su kasance a miƙe, kaurinsu ɗaya. Inda ka ga layi ya hau kan ɗan'uwansa ya yi tudu, ko ya yanke ya bar ɗan baƙin rami, ka tura ƙusar nan ciki. Wani ramin zai haɗiye rabin ƙusa. Rami ɗaya da ka gani a gefe shaida ce akwai 'yan'uwansa a tsakiyar allon inda ido ba ya kaiwa, kuma gwafa ƙarama ce, ba ta da wurin da za ta ɓoye rami. In ya faɗo a gindin ƙaho, shi ke nan.

Bayan haka ka danna farcenka a kan fallayen tsakiya. In farce ya shige ya bar shaida, itacen mai laushi ne. Yawancin filawud da ke shigowa daga Caina cikinsa poplar ne, fari mara nauyi, an lulluɓe shi da fuska ja mai kyau wadda ba ta kai rabin milimita ba. Wanda ake yi a yankinmu na Afirka ta Yamma ma sau da yawa cikinsa rimi ne ko obeche, su ma farare ne masu laushi. Mai cikin turare, wato itacen da ake kira yukaliftus, ya fi su tauri da nauyi, launinsa na ɗaukar ja-ja. Ka ɗaga kusurwar allon ka ji. Cikakken allo na tiri-kwata mai taurin ciki ya kan kusanci kilo 35, mai laushin ciki ya kan tsaya ƙasa da 30. In alluna biyu kaurinsu ɗaya, ɗauki mai nauyin, muddin ba ruwa ya sha ba. Ka kuma ƙwanƙwasa fuskar da bayan yatsa wuri-wuri. Inda sautin ya canza ya yi kamar fanko, gam ya saki a nan.

Sai layin gam ɗin kansa. Iri biyu aka fi amfani da su. Akwai na cikin ɗaki, wanda layinsa fari ne kusan ba a ganinsa, ba ya jure jiƙa da bushewa. Akwai mai fenol, wanda layinsa ke fitowa baƙi-baƙi ko ja mai duhu tsakanin fallaye, shi ne mai jure ruwa ko da na zafi. Ga gwafar da za ta wuni a fadama, hannu na gumi, raɓa da safe, rana ta Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 da azahar, mai baƙin layin kake so. Sai dai launi ma ana iya yi masa dabara, don haka gwaji ya fi. Ka nemi ɗan guntu kamar girman kwalin ashana, ka jefa a tsohuwar gwangwani ka tafasa shi awa guda, ka fidda shi ka shanya a rana ya bushe. Ka sa bakin wuƙa tsakanin fallayen ka gwada buɗewa. Mai kyau zai yi gashi-gashi, ya ɗan kumbura, amma yana nan a haɗe. Na banza tun a cikin ruwan zai fara buɗewa falle-falle. Kada ka yi wannan a tukunyar abinci, gam ɗin na da sinadarin fomaldihaid.

Marin bod da aka nuna maka, wato mai baƙar fata mai sheƙi, don zubin kankare aka yi shi, masu dakin ke saye. Ba shi ne filawud ɗin da ake haɗa jirgin ruwa da shi ba, wanda ke da ma'aunin Ingila mai lamba BS 1088 da ya hana rami a ciki. Namu na kasuwa baƙar fatar ce ke hana ruwa shiga ta fuska, kuma ana shafa wa gefensa fenti, to fentin nan shi ke rufe maka abin da ka zo gani. Kada ka yarda da allon da ba a yanka ba. Ka ce a nuna maka wanda aka riga aka tsaga, ko ka je wurin da ake gini ka roƙi kafintan dakin ya nuna maka guntun sabo. Akwai mai kyau ƙwarai, falle 11 ko 13 na itace mai tauri da baƙin gam, wanda in ka same shi ka gama. Akwai kuma wanda cikinsa tsofaffin alluna ne aka yayyanka aka harhaɗa, aka yi musu sabuwar riga. In an tsaga za ka ga mahaɗai masu haƙori-haƙori, launin itacen na canzawa kowane ɗan taƙi. Wannan ko kyauta aka ba ka, kai wa mai shayi ya yi benci. Wanda aka riga aka yi zubi da shi, ya sha ruwan siminti da ƙusoshi, shi ma ba na gwafa ba ne.

Ni a ganina ma ba ka da dalilin sayen cikakken allo yanzu. Gwafa ɗaya ba ta wuce santimita 10 a faɗi da 14 a tsawo ba. Allo guda zai fidda kusan 200. Kai 20 kake so, wato guntu mai rabin mita a kowane gefe ya kusa isarka, biyu irinsa sun yi maka yawa. Kuɗin allo kuwa dala yake bi. Guntaye za ka nema, kuma guntu yana da wata fa'ida da cikakken allo ba shi da ita: an riga an yanka shi, gefensa huɗu a buɗe suke, kana ganin cikinsa kafin ka biya.

Wurin nema na farko shi ne shagunan kafintocin da ke aikin kicin da kayan ofis, ba masu gadon amare kaɗai ba, domin su na amare MDF suka fi yi yanzu. Kowane shago na da tarin ragowa a bayan benci, wanda ƙarshensa murhu ne. Ka je da safe kafin aiki ya yi zafi, ka gaida maigidan shagon, ka faɗa masa abin da za ka yi da shi, ka ba yaransa na goro. Galibi da ya ji danƙo ne zai yi dariya ya ce ka zaɓa. Na biyu, masu haɗa akwatin sifika na masallatai da na biki. Wanda ya san aikinsa yana neman filawud mai nauyi don kada akwatin ya yi kaɗawa, kuma da'irar da yake cirewa don bakin sifika ita kaɗai za ta ba ka gwafa biyu ko uku. Na uku, akwatunan da ake kawo manyan injina da janareto a ciki. Yawancinsu na banza ne, amma jefi-jefi ana dacewa da mai fallaye da yawa, musamman kayan da suka fito daga Turai. Na huɗu, wanda na fi so, tsofaffin kayan ofis da na gidajen ma'aikata: tebur, durowa, ƙofar kabad na da. A Sapele da ke jihar Delta, a da can kamfanin African Timber and Plywood ya yi shekaru yana yin filawud tun daga zamanin Turawa, da itatuwan kurmi masu tauri, kuma tsofaffin kafintoci har yau suna kwatance da irin wancan. In ka samu tsohuwar ƙofar kabad mai nauyi wadda gara ba ta taɓa ba, ka duba gefenta kamar yadda na faɗa. Ka lura da 'yan ƙananan huji da gari mai laushi na zubowa daga cikinsu, alamar ƙwaro na ciki ke nan, ka bar ta.

Wani zai ce maka ga daɓen kwantena, irin wadda ake mai da wa shago. Gaskiya ne filawud ne mai ƙarfin gaske, kaurinsa milimita 28, fallaye da yawa na itace mai tauri. Amma ana jiƙa shi da maganin ƙwari tun daga masana'anta, ga kuma duk abin da ya zube a kansa cikin shekarun da ya yi yana yawo a teku. Abin da yaro zai riƙe da gumi, ya ci abinci bai wanke hannu ba, wani lokaci ma ya sa a baki yana ɗaura roba, ban yarda a yi shi da wannan ba.

In duk ka zaga ba ka samu tiri-kwata mai kyau ba, akwai dabarar da ta fi sauƙi a nan garin, kuma sau da yawa ta fi ƙarfi. Ka samu siriri mai ɗan dama, milimita 9 guda biyu ko kwata guda uku, ka manna su. Ko da kowanne na da ɗan rami, da wuya ramukan su haɗu a wuri ɗaya, ga shi adadin fallaye ya ƙaru. Farin gam na kafintoci irin Top Bond ya isa, in kuma kana son wanda ruwa ba ya yi wa komai, ka nemi mai kwalba biyu da ake haɗawa, irin Araldite. Gam ɗin masu kushin, mai warin fetur, ba na wannan aikin ba ne, yana nan da taushi ko ya bushe. Ka goge fuskokin da samfefa tukuna. In marin bod ne sai ka kankare baƙar fatar gaba ɗaya, gam ba ya kama ta. Ka shafa ko'ina har kusurwa, ka haɗa da sauri, domin da hunturu ko bazara a Sakkwato gam na yin fata kafin ka juya. Ka ɗora katako a bisa, ka jera bulo uku ko huɗu, sai ka ga gam na tsattsafowa ta gefe. Ka bar shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin zarto ya taɓa shi.

Wajen zane, ka sa tsawon gwafar ya bi jijiyar fuskar allon. Kada ka yi ƙahoni dogaye don kyau. Iya tsawon ƙaho, iya yadda roba ke samun damar murɗe shi da wuyan hannun yaro. Santimita 4 zuwa 5 daga gindi ya isa, faɗin kowanne kada ya gaza santimita 2, tazarar da ke tsakaninsu 5 ko 6. Tsakiyar, inda ƙahonin suka haɗu, ka yi ta a zagaye, kada ta yi tsini, domin daga kusurwa mai tsini tsaga take farawa. Hanya mai sauƙi ita ce ka fara huda wurin da babban bakin injin huji, sannan ka yanko zuwa hujin daga sama. Kurbin da za a ɗaura roba a kai, ɗan kaɗan za ka zaga da magagari, kada ka nutsa shi ka cinye fallayen waje, su ne suka fi ɗaukar nauyi. Ka kashe kaifin duk gefuna da samfefa mai lamba 80, ka bi da 120, ka ƙare da 220, musamman kan ƙaho, don gefe mai kaifi shi ke yanke roba. Ka ɗaura ƙyalle ko takunkumi a hanci lokacin gugar. A ƙarshe banish hannu biyu, ka cika shi a gefuna inda ruwa ke shiga. Kada ka shafa baƙin mai ko man inji, suna cin roba.

Kowace gwafa sai ta ci jarrabawa kafin ta je hannun yaro. Ka matse mariƙin a bais, ko ka ɗaure shi tam a kan benci ƙahonin na leƙe a kwance. Ka ɗaura igiya a kan ƙaho ɗaya, daidai inda roba za ta zauna, ka rataya jarka mai lita 25 cike da ruwa, wato kilo 25, a hankali ba da fizga ba, fuskarka a gefe. Robar korar tsuntsu janta bai cika wuce kilo 10 ba a ƙahonin biyu, don haka wadda ta ɗauki jarka a ƙaho ɗaya ta wuce abin da za a nema gare ta nesa. Ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga layi ya buɗe a gefe, ta faɗi. Daga kowane sabon guntu kuma ka sadaukar da ta farko, ka yi ta ƙara mata nauyi har ta karye, ka ga yadda ta karye. Mai kyau ya kan tsage da silli-silli yana riƙe da juna. In ya ɓalle fat lokaci ɗaya, ko fallayen suka rabu da tsabta ba tare da sun yago itacen juna ba, guntun gaba ɗaya ba na gwafa ba ne.

Na ce zan dawo kan gwafar reshe. In don yaran gonarka ne kawai, ita zan ce ka fara nema, ba kunya a ciki. Gwaiba, magarya, aduwa, bagaruwa, marke, tsamiya, duk suna ba da gwafa mai ƙarfin da filawud ɗin kasuwarmu ba ya kamo ƙafarta; dogon yaro ma ya yi in reshen ya ƙosa. Ba sai ka sari bishiya ba, mu da hamada ke bi. Ka duba wurin masu sayar da itacen girki, ko lokacin da ake rage rassan lambu. Ka zaɓi wadda ƙahoninta suka kai kaurin babban yatsa bayan an ɓare ɓawo, ka yanke ta da rara a kowane baki, ka ɗiga kyandir ko ka shafa farin gam a bakunan, ka bar ta da ɓawonta a inuwa makonni kaɗan. Busasshiyar iskar hunturu na tsaga ɗanyen itace daga baki in ya bushe da gaggawa. Rarar nan ita za ka yanke ka yar daga baya. Inda filawud ya fi ta shi ne in sayarwa za ka yi: duk su fito girma ɗaya, kamanni ɗaya, ka yi ma'auni guda na kwali ka yi ta zanawa, kuma shimfiɗaɗɗen kan ƙahon ya fi karɓar roba mai faɗi.

Roba da fata ba ka tambaya ba, amma a gajarce: baƙin tiyub na babur na yanzu yawancinsa ba ya dawowa da sauri, ka gwada jan sa ka saki kafin ka saya, jar roba ko ruwan zuma ta asali ta fi shi nesa, sai dai rana na kashe ta, a riƙa sa ta a aljihu ko jaka in ba a harbi. Fata kuwa kana garinta. Guntun fatar jar akuya daga wurin dukawa, mai taushi mara tsagewa, ta fi duk abin da za a kawo maka daga waje. Abin harbi kuma a mulmula yumɓu a shanya, ya fi tsakuwa: girmansa ɗaya, yana tafiya a miƙe, in ya faɗi ya fashe, ba ya cika maka gona da duwatsun da za su shiga shinkafa ranar sussuka. Boris na ƙarfe kada ya shiga hannun yaran nan, gonakin fadama a manne suke, akwai mutum a bayan kowace kunya.

Yumɓun yana kuma sauƙaƙa wa gwafar, domin yaro mai koyo dole wata rana ya bugi ƙahonsa da abin da ya harba. Ka gaya musu duk wanda hakan ta same shi ya kawo maka ita da yamma, ba faɗa. Ka kwance robar, ka duba wurin da kyau, ka mai da ta kan jarka. In ta nuna tsaga kada ka jefar da ita a gefen gona yadda take, wani ƙaramin zai tsinta ya ɗaura mata roba. Ka karya ƙahonin biyu da hannunka tukuna.